Wa Ya Sace Amsar Ɗalibai?

Ga kacici-kacici, kuma sababbin malamai nake so su fara cinta. Abu ne da ba a sayar da shi a kantin littattafai. Ba a rubuta shi a allo, ba ya cikin manhaja, sufeto ma ba ya tambayar sa idan ya zo duba makaranta. Kowane malami yana shiga aji da shi, tun daga wanda ya kama aiki jiya har wanda ya kusa ritaya. Amma sai ɗalibai su shekara ba su samu ko kaɗan daga hannunsa ba. Ranar da ya ba su kuwa, sai ka ji bakin da ya yi wata uku a rufe ya buɗe. Mene ne?

Alli? A'a. Alawa? Ko kusa. Bulala? Allah ya kiyaye. Kada ku yi saurin ba ni gari, domin akwai wata mata a Amurka da ta shafe shekaru tana bin sawun wannan abu, kuma ita ma ba a rana ɗaya ta gan shi ba. Mu bi bayanta a hankali.

A ranar 4 ga Oktoba, 1957, Tarayyar Sobiyat ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko. Hankalin Amurkawa ya tashi, suka ce an wuce su a kimiyya, kuma tun daga makaranta aka wuce su. A 1958 majalisarsu ta yi doka ta ware maƙudan kuɗi don koyar da kimiyya da lissafi. Manyan masana daga jami'o'i suka zauna suka rubuta sababbin manhajoji na firamare. Maimakon hadda, sai a miƙa wa yaro batir da waya da ƙwan tocila, ya haɗa da hannunsa ya ga ko zai kama. A ba shi maganaɗisu, a ba shi iri ya shuka, a ba shi tsutsa ya lura da tafiyarta. Fatan shi ne yaro ya riƙa tambaya, ya riƙa hasashe, ya yi musu da ɗan'uwansa yana kawo hujja.

Kuɗi ya fita. Kaya sun iso. An horar da malamai. Sai aka kasa kunne.

Abin da aka ji bai yi daɗi ba. Yaran suna amsawa, amma da 'yan kalmomi, a gutsure, sau da yawa da muryar mai tambaya, kamar suna cewa, "Haka kike so in faɗa, Malama?" Tambaya daga bakin yaro sai an tona. Musu da hujja kuwa babu shi, babu alamarsa. Wani ya sace maganar yaran nan, kuma da rana tsaka ya sace ta.

A nan ne mai bincikenmu ta shigo. Sunanta Mary Budd Rowe, an haife ta a 1925, masaniyar koyar da kimiyya ce, a lokacin tana kwalejin horar da malamai ta Jami'ar Columbia da ke New York. Makaminta rikoda ce. A ajiye ta a aji, ta naɗi darasi daga farko har ƙarshe, a kawo a saurara. Faifan da aka tattara aka yi nazarinsu sun haura 300. Ɓarawon yana cikinsu. To amma wane ne?

Wadda kowa zai fara nuna wa yatsa ita ce manhaja. Wataƙila farfesoshin nan sun rubuta abin da ya fi ƙarfin ɗan firamare. Zargi ne mai ma'ana, sai dai yana da rami. Manhajojin ba ɗaya ba ne, ƙungiyoyi daban-daban suka rubuta su, kowace da salonta, amma muryar ajin iri ɗaya ce a faifan. Da laifin wata manhaja ne, da ajin da ke bin wata ya kuɓuta. Bai kuɓuta ba. A saki manhaja, ta tafi gida.

To ko malaman ne ba su san kimiyyar ba? Na san da yawa cikinku nan kuka karkata tun farko. Malamin firamare shi ke koyar da kome da kome, ba mamaki ya tsorata idan yaro ya jefo tambayar da ba ta cikin littafi, ya yi maza ya toshe ƙofar. Wannan ma zance ne. Amma da aka saurari waɗanda suka samu horo sosai, suka san darasin ciki da waje, sai aka ji ɗalibansu ma a gutsure suke amsawa. Ilimin malami abu ne da ba a yi sai da shi, amma ba rashinsa ne ya yi wannan satar ba. Saura wa?

Yawan yara, mana! Aji ya cika, wa zai samu damar buɗe baki? Ai kuwa ko a ƙaramin rukuni, inda malami ke zaune da 'yan yara ƙalilan, kowa na ganin idon kowa, ba a rabu da gutsurarriyar amsa ba. Shi ma wannan ya samu beli.

Sai a ce ko malaman masu zafi ne, ba sa yabo, shi ya sa yaran suka tsure. A nan lamarin ya ƙara rikicewa, domin yabo kam ga shi nan birjik a faifan. Da yaro ya furta kalma sai ka ji, "Yauwa! Da kyau! Madalla!" Rowe ta ma lura cewa inda yabo ya yi yawa, yara sukan bar kallon batir da ƙwan tocila su koma kallon fuskar malami, suna farautar amsar da za ta sa shi murmushi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Yabo ba shi ne ɓarawon ba, amma da alama ya san inda yake kwana.

Saura mutum ɗaya a ɗakin tuhuma, kuma shi ne wanda ba ya iya kare kansa: yaron. A ce kawai yaran ne ba su da ƙoƙari, a rufe fayil, kowa ya huta. Malamai da yawa a duniya a nan suke rufe nasu binciken. Rowe ba ta rufe ba, domin akwai abin da ya hana ta.

Cikin tarin faifan nan, akwai 'yan ƙalilan da suka fita daban. A cikinsu yara na yin dogon bayani. Wannan ya ce kaza, wancan ya ce bai yarda ba, ya kawo dalili. Wani ya jefo tambayar da ba wanda ya sa shi. Kuma ba wasu yara na musamman aka zaɓo ba, ba wasu kaya na daban aka ba su ba. Me waɗannan malaman suke faɗa da sauran ba sa faɗa?

Aka bi kalmominsu. Ba wani sirri a ciki.

Aka bi tambayoyinsu. Ba su warware ƙullin ba.

Sai aka bar sauraron abin da ake faɗa, aka koma sauraron tafiyar darasin. Sauran faifan gudu suke yi, tambaya na bin tambaya, ba numfashi. Waɗannan kuwa tafiya suke yi a natse. Akwai wani abu a tsakanin maganganun. Wani ɗan gurbi.

Gurbin ya yi ƙanƙanta, agogon hannu ba zai kama shi ba. Kafin ka danna, an wuce. Sai aka haɗa rikodar da wata na'ura mai allura, wadda ke zana sauti a kan doguwar takarda mai tafiya. Idan ana magana, allurar ta yi ta tsalle sama da ƙasa. Idan an yi shiru, ta ja miƙaƙƙen layi. Aka ɗauko ma'auni. Ba tsallen aka auna ba. Layin aka auna.

Malami ya yi tambaya. Layi ya fara. Layi ya yanke.

Tsawonsa nawa?

Sakan ɗaya.

Ga amsar kacici-kacicin: shiru ne. Jira ne. Malami kan yi tambaya, ya ba yaro kimanin sakan ɗaya, idan bai ji motsi ba sai ya maimaita tambayar, ko ya sake mata riga, ko ya nuna wani yaron, ko ya amsa da kansa. Ɓarawon da ake ta nema ashe shi ne ke riƙe da alli, kuma bai san yana sata ba. A 'yan faifan nan da suka fita daban kuwa, jiran yakan kai sakan uku ko ya wuce. Bambancin duka ke nan.

Ku tsaya ku auna abin da ake nema daga yaro cikin sakan ɗaya. Ya ji tambayar, ya gane ta, ya lalubo abin da ya sani, ya jera shi cikin jimla, ya auna ko 'yan aji za su yi masa dariya, sannan ya ɗaga hannu. Babba ma ba ya gama wannan aiki a sakan ɗaya, sai fa idan haddar amsar ya yi. Saboda haka malamin da ba ya jira, ko da ya yi tambayar da ke neman tunani, abin da zai samu hadda ce kawai. Ya zama kamar mai zura guga a rijiya, ya fizgo ta kafin ta taɓa ruwa, sannan ya shiga gari yana cewa rijiyar ta ƙafe.

Takardar ba ta gama tona asiri ba. Akwai layi na biyu, kuma ya fi na farko gajarta. Bayan yaro ya yi magana ya ɗan tsaya, malami kan faɗo cikin ƙasa da sakan ɗaya, kimanin 0.9, da yabo, ko gyara, ko sabuwar tambaya. Ga inda abin yake: yaro ba ya zubo tunaninsa a dunƙule. Yakan faɗi yanki, ya tsaya, ya ƙaro yanki, ya tsaya, sannan ya kawo dalilin. Wannan ɗan tsayawar ba ƙarshen magana ba ne, tunani ne ke tafe. Da malami ya ce "Yauwa!" a tsayawar farko, ya datse sauran. Kun tuna na ce yabo ya san makwancin ɓarawo? To ga shi an kama su tare.

Amma zargi ba hujja ba ne. Mai bincike na gari sai ya gwada. Rowe ta horar da malamai su miƙa jiran nan biyu zuwa sakan uku, har biyar, ba tare da an canza manhaja ko yara ko kayan aiki ba. Aka sake kunna rikoda.

Amsoshi suka yi tsawo. A wata maƙala da ta buga a 1986, ta ce tsawon amsar ɗalibai kan ƙaru da kashi 300 zuwa 700 cikin ɗari. "Ban sani ba" ta ragu. Yara suka fara kawo dalili ba tare da an roƙe su ba, suka fara hasashe, suka fara tambaya, suka fara juyowa suna amsa wa junansu maimakon kowa ya jefa tasa ga malami. Muryar nan ta mai neman tabbaci ta ja baya. Malaman ma suka canza: tambayoyinsu suka ragu, amma suka ƙara nauyi, domin yanzu suna jin abin da yaro ya faɗa, suna gina tambaya ta gaba a kansa. A 1972 ta gabatar da sakamakon a taron masu binciken koyar da kimiyya a Shikago, a 1974 aka buga shi. Wasu suka yi ta maimaita gwajin a darussa daban-daban, har a 1987 Kenneth Tobin, ɗan Ostareliya, ya tattara binciken ya nuna cewa sai jira ya kai wajen sakan uku ake fara ganin amfanin, kuma yakan taɓa har sakamakon ɗalibai.

Akwai wata shaida da na ɓoye sai yanzu, don ita ce mai ɗaci. An ce wa malamai kowa ya rubuta ɗalibansa biyar da ya fi yarda da ƙoƙarinsu, da biyar da yake ganin su ne a baya. Aka koma takarda aka auna. Na gaban ana jiran su kusan sakan biyu. Na bayan, sakan 0.9. Wato wanda ya fi buƙatar lokaci shi aka fi hana wa. Malami ya riga ya yanke a ransa cewa wannan ba zai iya ba, sai ya ɗauke tambayar da wuri, wai don kada ya kunyata shi. Yaron bai amsa ba, malami ya ce, "Ai dama na sani." Da aka tsawaita jira, sai ga waɗannan yaran suna magana, wasu malaman har suna mamakin ashe wane yana da abin faɗa. Wanda muka bari a ɗakin tuhuma ɗazu, ashe shi aka yi wa satar.

Saura tambaya ɗaya da kowane mai bincike ke yi: mene ne dalilin aikata laifin? Malamai ba mugaye ba ne. Me ya sa sakan uku ke gagarar su?

Amsar tana cikin hirar yau da kullum. A 2009 Tanya Stivers da abokan aikinta suka auna tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa a harsuna goma na sassan duniya. Matsakaiciyar tazarar kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan ce. Ko mutanen Denmak, da suka fi kowa jinkiri a cikin goman, ba su kai rabin sakan ba. Kunnen ɗan'adam ya saba da amsa nan take, shi ya sa shirun sakan uku a gaban aji yake yi wa malami tsawon wuni. Sabon malami kuwa nasa ya ninka. Yana tsoron aji ya ƙwace masa. Yana tsoron hedimasta ya wuce ta taga ya ji shiru ya ce ba a aiki. Yana kallon agogo, yana kallon abin da ya rage a tsarin darasi. Sai ya cika gurbin da muryarsa, ya gama darasi a kan lokaci, mako mai zuwa ya dawo ya sake koyar da shi don ba wanda ya gane. Sauri ya haifi nawa.

To yanzu, Malam, Malama, an gano ɓarawo, yaya za a mayar da kayan?

Tun a gida ake farawa, wajen shirya darasi. Sabon malami yakan ƙarar da darensa yana tsara abin da zai faɗa, ya manta da abin da zai tambaya. Ku rubuta tambayoyi uku ko huɗu da suka cancanci a jira su, ku sa wa kowace alama a gefen takarda don ku tuna a nan za a tsaya. "Biyu sau bakwai nawa?" ba ta buƙatar dogon jira, a yi ta da sauri a wuce. Amma "Me ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi?" tana buƙata, domin sai yaro ya tuna danshin jikin randa, ya haɗa shi da iska, ya haɗa da yadda gumi ke sanyaya jiki. Ku rubuta har amsoshin kuskure da kuke zaton za su fito, da abin da za ku tambaya bayan kowace. Wanda ya shirya wa kuskure ba ya firgita da shiru.

A cikin aji, tambaya ta riga suna. Idan kuka kira yaro ɗaya sannan kuka yi tambayar, sauran sun tafi hutu. Ku jefa ta ga kowa, ku rufe baki, ku ƙirga a zuci, ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, a hankali, idonku na zagaya ajin. Kada ku maimaita ta. Kada ku ce "Ku yi tunani mana!", domin wannan ma surutu ne a kan mai tunani. Hannun farko da ya tashi ba dole shi za a kira ba, ku bari na biyar da na shida su tashi. Kuma ku gaya wa ɗalibai tun ranar farko cewa haka za a riƙa yi, don kada su ɗauka shirun fushi ne.

Idan yaro ya amsa, a nan ne jarrabawar take. Ku riƙe "Yauwa" ɗin nan a baki, ku sake ƙirga uku. Sau da yawa zai ƙaro, ko wani ya karɓa. Ku bar ɗabi'ar maimaita amsar yaro da bakinku, domin tana koya wa 'yan aji cewa ba sai sun saurari juna ba, malami zai sake faɗa. Idan ba a ji shi ba, shi zai ɗaga murya. Yabo kuma a yi shi, amma bayan ya gama, kuma a faɗi abin da aka yaba.

Inda aji ya cika maƙil, ba za a ji kowa ba, amma kowa zai iya yin tunani. Akwai dabarar da Frank Lyman na Jami'ar Maryland ya fito da ita a 1981: kowa ya yi tunani shi kaɗai, sannan ya juya ya faɗa wa na kusa da shi, sannan a kira wasu su faɗa wa aji. Ba ta cin ko kwabo. Ta kuma fi "Kun gane?" da ake amsawa da "E!" baki ɗaya, wadda ba ta taɓa nuna wa malami wanda bai gane ba. Sannan ku tuna yaran Rowe mafi yawansu da harshen gidansu ake tambayar su. Yaron da ke tunani da Hausa, ana son ya amsa da Ingilishi a Kano ko da Faransanci a Maraɗi, aiki biyu yake yi a lokaci ɗaya. Jiransa ya kamata ya fi na kowa tsawo.

Gargaɗi ɗaya: wannan ɓarawo yana dawowa. Rowe ta lura cewa malaman da suka koyi jira sukan zame su koma gudun da suka saba bayan 'yan makonni, idan ba mai tuna musu. Kuma kusan kowane malami yana rantsuwa cewa shi yana jira, har sai ya ji kansa. Ita sai da ta nemi rikoda da na'ura mai allura, ku kuwa wayar da ke aljihunku ta isa. Ku nemi izinin hedimasta, ku naɗi minti goma na darasinku, ku zauna da wani abokin aiki ku saurara, ku ƙirga abin da ke tsakanin tambayarku da maganarku ta gaba. Idan bai kai sakan uku ba, kada ku rubuta wa ko da yaro ɗaya "ba ya ƙoƙari" a katin sakamako sai kun fara gyara wannan.